Dawowar Zuhal a Rijiyar Malam Jalo

A Ƙofar Jatau, idan ka bi lungun da ke bayan masallacin unguwa har inda mashin ba ya iya juyawa, za ka iske wani gida mai zaure biyu da ake ce wa gidan Malam Jalo. Mai sunan ya daɗe da zama ƙasa, amma ya bar wa zuri'arsa lissafin taurari, ya kuma bar musu wata rijiya a bayan madafa wadda ba a taɓa zura wa guga ba. Ko a shekarar da famfo ya ɗauke, aka riƙa bin 'yan garuwa da lallashi, matan gidan sun gwammace wanki ya taru da su ɗaga murfinta.

Karatun Malam Jalo ba mai wuya ba ne. Cewa ya yi kowane tauraro mai tafiya yana da zagayensa, kuma rayuwar mutum a kan zagayen nan take hawa daki-daki. Mushtari shekara goma sha biyu yake yi ya dawo inda ya bar ka ranar da aka haife ka. Dawowarsa ta farko ita ke raba yaro da ƙuruciya, ta biyu ta sa masa tunanin ajiye iyali. Shi mai sauƙin kai ne, a soya waina a yi sadaka an gama da shi. Zuhal kuwa tsoho ne mai nauyin ƙafa, sai ya kusa cinye shekara talatin kafin ya kewayo. Zuwansa na farko yana rufe samartaka, na biyu ya fara karɓar ƙarfi, na uku kuwa ba kowa yake iskewa a raye ba.

Ranar da Zuhal ya dawo wa ɗan gidan, da rana tsaka, lokacin da inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa, sai a buɗe rijiyar ya leƙa. In yana da rabon ganin zagaye na gaba, zai ga fuskarsa a ruwa yadda za ta zama bayan shekara talatin. In babu, sararin sama kawai zai gani. Malaman unguwa sun yi wa'azi a kan wannan har muryarsu ta dushe, kuma 'yan gidan ne a sahun gaba suna gyaɗa kai, suna cewa ƙwarai kuwa Malam, gaibu sai Allah. Ranar ta zo kuma su ɗaga murfi abinsu.

Asama'u jikar Malam Jalo ce, mijinta Nafi'u ma haka, auren gida aka yi musu. Tana amarya nasa Zuhal ɗin ya zo. Ya leƙa, ya ɗago yana dariya, ya ce ya ga wani tsoho mai sanƙo da ƙaton hanci, duk gida aka yi ta tsokanarsa. Sai da ciwon ajali ya kwantar da shi, bai ko cika hamsin ba, sannan ya riƙe hannunta ya gaya mata gaskiya: sama ya gani, fayau, babu ko inuwar kansa. Daga ranar Asama'u ta daina yarda da abin da namiji zai faɗa in ya ɗago daga bakin rijiya.

Ita nata leƙen bai yiwu ba. Ta daɗe ba ta haihu ba, sai a dawowar Zuhal ɗinta Allah ya ba ta Suhail, mai jego kuma ba ta zuwa kusa da wurin. Daga shi ba ta ƙara ba. Shi ne ɗan fari, shi ne auta, kuma don ɗan fari ne ta yi masa alkunya irin ta matan dā. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, in da mutane ko fuskarsa ba ta kallo. In za ta yi masa magana bango take fuskanta ta ce, "Kai." Baƙo sai ya ɗauka riƙonsa aka ba ta. Alhali duk yamma kunnenta na zaure, ba ta iya haɗiyar ruwa da daɗi sai ta ji ƙarar mashin ɗinsa ya dawo daga makarantar da yake koyarwa a Tukur-Tukur.

Lissafin gidan yanzu yana hannun Goggo Tayyiba, yayar marigayi Nafi'u, wadda ta ba tamanin baya. Da ƙwallon dabino take yi a kan faifai, tana turawa tana motsa baki. Sau biyu ta leƙa rijiyar a rayuwarta, kuma takan ce tsohuwar da ta gani a karo na biyu ita ce yanzu ke kallonta a madubi. Wata safiya ta kira Asama'u ɗakinta.

"Ma'u, zauna. Tsohon ya iso, kuma mutum biyu ya zo wa a gidan nan, ke da ɗanki. A dawowarsa kika haife shi, wurinku ɗaya a sama."

"To, Yaya, sai mu leƙa bi da bi."

"Rijiyar nan ba layin famfo ba ce. In ya tsaya, ido ɗaya take karɓa."

"A ba shi," in ji Asama'u, ko numfashi ba ta ja ba. "Ni me ya rage mini in gani?"

Shi wanda za a ba ɗin ne ya ƙi. Da Goggo ta gaya masa, dariya ya yi har da dafa gwiwa.

"Haba Goggo! Wannan Zuhal ɗin ni nake koyar da shi a aji, Saturn muke cewa. Curin iska ne da zobe a ƙugu. Bai san Zariya ba, balle Ƙofar Jatau."

"Ubanka ma haka ya ce. Shi da Larabci ma ya faɗa."

"Kuma ba kyau a addini, Goggo, kin fi ni sani."

"Na sani. Jibi da rana tsaka."

Asama'u ta ci gaba da aikinta. Sai dai da dare kwanon tuwonta ya koma madafa yadda ya fito, washegari ma haka. Suhail ba makaho ba ne. Ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya ce, "Inna, zan leƙa. Don ke zan yi, ba don na yarda ba. Ki ci abinci." Ta ce wa bango, "Kai ka sani."

Al'adar gidan ita ce a ɗaura wa mai leƙe tsohon rawanin Malam Jalo a ƙugu, wani nasa ya riƙe ta baya yana fuskantar katanga, saboda bakin rijiyar gajere ne kuma jiri na ɗibar mutane. Goggo ba ta da ƙarfin riƙe ko akuya. Ta miƙa wa Asama'u bakin rawanin ta ce, "Mai riƙo ba ya juyowa. Ke kam ba ni da fargaba a kanki, ke da ko a tsakar gida ba kya kallonsa." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Haka tsofaffinmu suke, su ba ka doka su sa dalili a aljihu, in ka karya kuma su ce ai an gaya maka.

Rana ta take tsaka. Injin markaɗen maƙwabta da ke damun kowa tun safe ya yi ɗif. Suhail ya ja murfin katakon gefe, wata iska mai sanyi ta taso daga ciki da ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko, alhali rabon garin da ruwa tun kaka. Asama'u ta juya wa rijiyar baya, ta naɗe rawanin a hannu, ta ji nauyin ɗanta ya rinjaya gaba.

Ta ƙura wa katanga ido. Akwai wani ƙadangare a kai, ya ɗaga kai ya tsaya haka bai sauke ba. Zuciyarta ta ce mata: zai ɗago yana dariya, zai ce ya ga tsoho, ke kuma ki ci gaba da zama ba ki sani ba har ranar da zai riƙe hannunki. Tsoro ya cika ta, irin wanda ba ya barin mutum ya yi shawara. Ta saci kallon Goggo, ta ga tsohuwa ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Sai ta juya a hankali, ta leƙa ta saman kafaɗarsa.

Can ƙasa ruwan ya yi fari kamar faranti. A tsakiyarsa akwai fuska ɗaya, ta wata tsohuwa tukuf, kumatu sun lotsa, baki ya shige ciki. A saman girarta ta hagu ga tabon man gyaɗan da ya fallatso wa Asama'u tun tana budurwa. Kan Suhail na sunkuye daidai saman ruwan, amma babu shi a ciki, babu ko hularsa. Abin da ya fi tayar mata da tsigar jiki shi ne tsohuwar ba ita take kallo ba. Gefe take kallo, wurin da ya kamata a ce fuskarsa take.

Asama'u ta mayar da kanta katanga da sauri. Injin markaɗe ya ci gaba da ruri. Suhail ya ɗago yana kakkaɓe hannu.

"Me ka gani?" in ji Goggo.

"Wani tsoho mai gemu kamar na bunsuru. Goggo, in haka zan koma gara in fara aski tun yanzu."

Goggo ta rangaɗa 'yar guɗarta mai rawa. Asama'u ta kwance rawanin, ta ninke, ta shige ɗaki.

Gwiwarta ce ta fara warkewa. Shekaru tana sallah a kan kujera, sai ga shi wata asuba ta tsinci goshinta a ƙasa, ta miƙe kuma ba tare da ta dafa komai ba. Bayan nan ta zura zare a allura, sai da ta gama ɗinkin ta tuna tabaraunta na kan taga. A asibiti ma'aikaciyar jinya ta gwada jininta, ta cire abin ta sake ɗaurawa, ta ce, "Hajiya, wane magani kika canza?" Matan unguwa in sun haɗu da ita a gidan suna sai su ce, "Ma'u, me kike ci ne ba kya ba mu? Kin koma yarinya!" Ta yi yaƙe ta ce sai godiya.

Domin a daidai wannan lokacin Suhail ya fara barin mashin a zauren farko, wai tura shi ciki wahala ne. Sai ya shigo ya zauna a dakali yana mayar da numfashi kafin ya yi sallama. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. An je asibiti, an ɗebi jini, an ɗauki hoton ƙirji, likita ya juya takardu ya ce bai ga komai ba, hutu yake buƙata. Aka ba shi hutun, ya kwanta, ya tashi ya fi dā gajiya.

Wata la'asar ta same shi a kan tabarma a inuwar ɗakinsa, ya tasa kunu a gaba bai sha ba. Ta tsaya ta fuskanci bango kamar kullum.

"Kai. Ranar nan, ka buɗe ido kuwa?"

Ya ture kunun gefe.

"Inna, tsoro na ji," ya ce a hankali. "Ina bayan labule ranar da Baba ya gaya miki abin da ya gani. Duk surutun da na yi wa Goggo, na kasa. Tun kafin in sunkuya na runtse ido. Ki yafe mini ƙaryar."

Wani sanyi ya ɗan ratsa ta. In bai buɗe ido ba, ai dole ba za a gan shi ba. Da wannan ɗan sanyin ta tafi ɗakin Goggo, ta durƙusa, ta zayyana mata komai, har da tabon gira. Tana sa ran faɗa, tana kuma sa ran a ce mata ba komai.

Goggo ta ajiye carbi. Ta kalle ta da idanun nan da yana ta fara rufewa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ma'u, rijiyar nan ba nuni kawai take yi ba. In tsohon ya tsaya, zagaye guda yake ajiyewa a ruwan, idon da ke buɗe shi ke ɗauka. Na yaron ne, ke kika ce a ba shi. Ya rufe ido, ke kika buɗe."

"Yaya, me ya hana ki gaya mini?"

"Ni ma ba a gaya mini ba sai da na yi furfura. Kuma wa zai ce uwar ɗan fari za ta juyo?"

Asama'u ta fashe da kuka, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka fita da Nafi'u. Ta ce a karɓe, ba ta so, a gaya mata inda ake mayarwa ko a bayan ganuwa ne ta tafi da ƙafa. Goggo ta jawo faifai, ta tura ƙwallayenta gaba, ta dawo da ɗaya baya.

"Zuhal ba ya wucewa kai tsaye. In ya yi gaba kaɗan yakan ja da baya, kamar tsohon da ya manta sandarsa, ya sake taka wurin da ya bari. Nan da 'yan watanni zai dawo kanku. A sake buɗewa, yaron ya leƙa da idonsa. Ko zai karɓa, ban sani ba. Ba a taɓa yi ba a gidan nan."

Ba ta gaya wa Suhail abin da ta yi ba. Ta yi niyya ya fi a ƙirga, ta je har ƙofar ɗakinsa, sai ta ji tarinsa ta juyo. Maimakon haka ta shiga yaƙi da jikinta. Ta zubar da maganin hawan jini a masai. Ta kama azumi ba ƙaƙƙautawa, ta sallami mai yi mata wanki, ta karɓi dakan gidan gaba ɗaya, ko za ta gajiyar da abin da ta ɗauko ya sake ta. Ina! Tana daka tana jin ƙarfi na ƙaruwa a damtsenta, taɓarya ta koma mata kamar muciya. A sujada ta roƙi gafarar leƙen, ta roƙi gafarar yarda da rijiyar tun farko, ta ce ya Allah kai ke da kwana ba tauraro ba, ka ɗebe nawa ka ƙara masa. Ta ɗago, gwiwa ko ƙas ba ta yi ba. Ba ta taɓa tsanar wani abu kamar yadda ta tsani lafiyar nan ba.

Suhail ya daina zuwa makaranta. Abokan aikinsa suka zo dubiya, suka cika tsakar gida da hira da dariyar dole, suka fita suna kallon juna a zaure. Malamai sun yi rubutu an wanke ya sha, an yi sauka, an canza asibiti. Ba ya kuka da ciwon komai. Raguwa kawai yake yi, kamar sabulun da aka manta a ruwa.

Da ranar ta zo, Goggo ta ce masa za a sake leƙawa tunda wancan karon bai gani ba. Asama'u ta so ya yi gardama, ya kawo zancen curin iska da zobe. Bai yi ba. Cewa ya yi, "To, Goggo," ya dafa bango ya miƙe. Wannan "to" ɗin ta fi komai tsorata ta.

Ita ta ja murfin, don shi ba zai iya ba. Iskar nan mai sanyi ta taso. Ta ɗaura masa rawanin, sai da ya zagaye shi ya sake zagayewa kafin ya kama. Sannan ta cire ɗankwalinta, ta ninka, ta ɗaure idonta tamau har kanta ya sara, ta juya wa rijiyar baya. Unguwa ta yi tsit. Ta ji ya sunkuya.

"Ka buɗe ido," ta ce. "Don girman Allah ka buɗe."

"Na buɗe, Inna."

Tana jin numfashinsa ta cikin rawanin, yana shiga yana fita da ƙyar. Carbin Goggo ya daina ƙara.

"Me ka gani?"

"Wata tsohuwa ce."

Ta ƙara matse idonta a cikin ɗankwalin, ko da wani haske ya sata ya shiga. Babu. Duhu ne kawai.

"Duba da kyau. Duba gefenta, duba bayanta."

"Ita kaɗai ce. Tana kallona." Sai muryarsa ta canza, ta yi haske irin wanda ta daɗe ba ta ji ba. "Inna, ke ce! Ga tabon girarki nan. Wallahi ke ce, kin tsufa tukuf, ko haƙori babu." Ya yi 'yar dariya, tari ya katse shi. "Alhamdu lillahi. Duk kwanciyar nan abin da ke hana ni barci ke nan, ina cewa in wani abu ya same ni ba za ki daɗe ba. Ashe za ki yi tsawon rai. Albishirinki, Inna."

A bayansu Goggo ta miƙe da ƙyar, ta ja ƙafa zuwa ɗakinta, ta saki labule.

Jiri ya ɗebe shi, rawanin ya miƙe a hannunta. Asama'u ta fizgo shi baya, ta juya a makance ta tare shi a ƙirji. Tana jiran nauyin namiji ya kai ta ƙasa, sai ta ji ta ɗauke shi cak, ƙafafunsa sun bar ƙasa. Ta tsaya a tsakiyar rana da shi a hannu, ido a ɗaure, ɗankwalin ya jiƙe sharkaf, kuma ko kaɗan hannunta bai gaji ba.